"Injiniya, Ta Ƙi Tashi": Jinyar Tsofaffin Laftof a Funtua da Malumfashi

Daga watan Nuwamba, idan an gama karyar masara an shiga tsintar auduga, kuɗi kan zaga a kudancin Katsina. Manyan motoci na fita daga kasuwar Dandume shaƙe da buhuna, waken suya na sauka a Bakori da Danja, dillalai na lissafin abin da kaka ta bari. A irin wannan lokaci ne mai shagon taki, ko magatakardan ƙungiyar manoma, ko malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa, yake tunawa cewa laftof ɗinsa ta yi nauyi. Sai ya ɗauke ta zuwa wajen mai gyara a Funtua ko Malumfashi, ya ce a ƙara mata ƙarfi: a ƙara ram, a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, in da hali ma a ɗora mata Windows 11.

Da yawa sukan koma gida da na'ura mai gudu kamar yau aka ƙera ta. Wasu kuwa ba a rufa mako ba suke dawowa, jaka a hammata, fuska a murtuke: "Injiniya, ta ƙi tashi."

Abin da ke biyo bayan wannan gaisuwa shi ke raba ƙwararren mai gyara da ɗan-taɓa-ka-lashe. A shaguna da yawa amsar a shirye take tun kafin a zuge jakar: a yi mata fomat. In fomat bai yi ba, sai a ce bod ya tafi. Alhali yawancin tsofaffin laftof da suka ƙi tashi bayan an ƙara musu kaya lafiyarsu ƙalau. Sabon kayan ne bai jitu da tsohon jiki ba, ko kuma wani saiti ya koma yadda kamfani ya bar shi shekara goma sha wani abu da suka wuce. Fomat ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma yana share duk abin da ke ciki. Kuma abin da ke ciki a wannan yanki ba fina-finai ba ne kawai. Akwai jerin sunayen waɗanda suka karɓi taki bashi zuwa kaka, da lissafin buhunan da aka ajiye a sito, da takardun ƙungiyoyin manoma tun zamanin shirin ba da lamuni na Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2015, da aikin kammala digirin ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Dutsin-Ma da ya zo hutu gida.

Inda suka fito

Akasarin laftof ɗin da ke yawo tsakanin Funtua, Kafur da Malumfashi sun riga sun yi wa wani aiki a wata ƙasa. Sunayensu sanannu ne ga duk yaron shago: HP EliteBook 8460p ta 2011 da ƙanwarta 8470p ta 2012, EliteBook 840 da ta fara fitowa a 2013, Dell Latitude E6420 da E6430, Lenovo ThinkPad T420 da T430. An ƙera su ne don ofisoshin Turai da Amurka, inda kamfani kan yi aiki da na'ura shekara uku ko huɗu ya sauya. Daga can su shigo ta tashoshin jiragen ruwa na Legas, su bi ta Computer Village da ke Ikeja, su hauro Kano ko Zariya, sannan su iso nan. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa mafi yawan tsofaffin kayan lantarkin da ke shigowa daga Turai suke, kuma kaso mai tsoka ana cusa shi ne a cikin motocin hannu da ake turowa.

Na'urori ne masu ƙwari, gaskiya. Ana kwance su da sukundireba ɗaya, kayan gyaransu kuma a wadace. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, sabuwar laftof ta fi ƙarfin malamin makaranta. Ƙara wa tsohuwa kaya ya zama dabarar kowa.

Ƙin tashi iri-iri ne, kuma tambayar farko da ƙwararre yake yi ita ce: a ina take tsayawa? Mai gyaran injin ban-ruwa a fadama ba ya farke inji sai ya duba mai da fulogi. Haka nan ma. Ko dai ba ta kawo wuta sam, ko ta kawo wuta fanka na juyawa amma allo baƙi, ko ta nuna tambarin kamfani sannan ta cije.

Na farkon ba ya ɗaukar dogon lokaci. Ana ɗora mita a bakin caja a ga ko tana ba da abin da aka rubuta a jikinta, wato bolt 19.5 a yawancin HP da Dell, 20 a ThinkPad. Ana cire batir da caja, a danne maɓallin kunnawa na kusan rabin minti don sauran wutar da ta maƙale ta fita, a mayar da caja kaɗai a gwada. Abin mamaki, wannan kawai yakan tayar da wasu. Cajar Dell da ta HP masu faɗin baki suna da wata siririyar allura a tsakiya wadda ta nan na'ura ke gane cajar. In ta lanƙwashe, ko cajar jabu ce, Dell takan rubuta cewa ba ta gane ƙarfin cajar ba, ta ƙi cika batir, ta kuma rage gudu. A garin da ake tsalle tsakanin wutar Nefa, ƙaramin janareta da sola a yini guda, caja ce ke fara shan duka, kuma ita ce mafi arahar abin da za a sauya.

Harafi ɗaya a jikin ram

Na biyun ne ke tayar da hankali, domin na'urar tana nuna alamar rai amma ba ta cewa komai. Fitila na ci, fanka na huci, allo kamar dare. In wannan ya faru bayan an ƙara ram, to kafin a zargi komai a zargi ram ɗin.

Ga yadda abin yake. Laftof na 2011 da 2012 suna amfani da ram nau'in DDR3 mai cin bolt 1.5. Da Intel ta fito da zubi na huɗu na furosesa a 2013, irin wanda ke cikin EliteBook 840 ta farko, Latitude E6440 da ThinkPad T440, sai aka koma DDR3L mai cin bolt 1.35. Su biyun kamarsu ɗaya sak. Haƙoransu 204 ne dukkansu, tsagar da ke tsakiya a wuri ɗaya take, don haka tsohon yana shiga ramin sabuwar na'ura lafiya lau har ya yi ƙaras. Sai dai ba za ta tashi ba. Bambancin yana kan 'yar takardar da aka manna a jiki: ɗaya an rubuta PC3, ɗayan PC3L. A cikin gwangwanin da yaron shago ke tara ram ɗin da aka ciro daga matattun na'urori, a gauraye suke, kuma ba kowa ke tsayawa neman harafin ba. DDR4 mai haƙora 260 ba ya jawo wannan rikici, domin shi ko an danna ba zai shiga ba.

Wanda ya san aikinsa yakan kifa laftof ɗin a kan tsumma, ya zare batir, ya buɗe murfin ƙasa. Ya sa farce ya buɗa ƙananan ƙarafan da ke riƙe da ram ɗin hagu da dama, ram ɗin ya ɗago kai da kansa. Ya zaro shi, ya riƙe ta gefe, ya goge haƙoran masu ruwan zinare da farar roba irin ta goge fensir har su yi ƙyalli, ya hure ramin. Sannan ya mayar da guda ɗaya tak, a karkace, ya tura shi har haƙoran su ɓace, ya kwantar da shi. Ya kunna. In ta tashi, ya gwada ɗayan shi kaɗai. In ba ta tashi ba, ya koma rami na biyu. Cikin minti goma ya san ko ram ne, ko rami ne, ko kuwa ba a zaunar da shi da kyau ba tun farko, wanda girgizar babur a hanyar Kafur ta ƙarasa kwancewa. A hunturu akwai ƙarin ƙa'ida: iska a bushe take, jiki na tara tartsatsin nan da ke tsikarar mutum in ya taɓa ƙofar mota, kuma wannan tartsatsi ya isa ya kashe ram. Shi ya sa ake taɓa ƙarfe kafin a taɓa kayan ciki.

Ita kanta na'urar takan faɗi ciwonta ga mai lura. A HP da aka ƙera tsakanin 2011 da farkon 2015, fitilar da ke kan maɓallin manyan haruffa tana ƙiftawa da lissafi: sau uku ram, sau biyu BIOS ya lalace, sau biyar bod. A na baya-bayan nan, ƙifta uku dogaye da biyu gajeru ram ake nufi. Dell na da tata hanyar, kuma in allo na aiki, maɓallin F12 yana kaiwa ga gwajin da ke bin sassan jiki ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ma ba ram ba ne: na'urar ta tashi sarai, hasken allon ne ya mutu. A haska tocilan waya daf da gilashin, in aka hango inuwar rubutu to an gano. Ko a jona ta da talabijin.

Batirin da ba a gani

Kashi na uku ya fi kowanne cin bayanan mutane, domin shi ne ya fi kama da abin da fomat zai gyara. Tambarin HP ya fito, sai rubutu ya biyo baya cewa ba a ga faifan da za a tashi daga kansa ba, da lamba 3F0 a ƙasa. Mai ita ya ɗauka sabon SSD ɗin da ya saya jabu ne. Yana iya yiwuwa, domin na jabu sun cika kasuwa. Amma sau da yawa SSD ɗin na nan garau da duk abin da ke cikinsa.

Laftof na wancan zamani sun zo ne a kan gaɓar sauyi. Suna iya tashi ta tsohuwar hanya, wadda ke neman faifan da aka tsara da MBR, suna kuma iya tashi ta sabuwa, UEFI, wadda ke neman GPT. Da yawa daga cikin na 2011 da 2012 sun baro kamfani a kan tsohuwar. Mai gyara ya sa SSD, ya shiga BIOS ya juya ta zuwa UEFI, ya ɗora Windows, komai ya yi daidai. Wannan zaɓi da ya yi, da agogon na'urar, suna dogara ne da wani ɗan batir mai siffar kwabo da ke maƙale a jikin bod, yawanci CR2032 mai bolt 3, a naɗe cikin roba da 'yar waya. Batirin da aka sa a 2012 ya daɗe da gajiya. Muddin babban batir na riƙe wuta ba za a lura ba. Ranar da babban ya ƙare ƙurmus, ko aka cire shi saboda ya kumbura, na'urar sai ta manta, ta koma saitin kamfani, ta shiga neman MBR a faifan da ba shi da shi.

Alamar a bayyane take ga wanda ya leƙa. A danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, a dubi kwanan wata. In na'urar ta ce yau 1 ga Janairun wata shekara da ta shuɗe, magana ta ƙare. HP ma takan rubuta gargaɗi mai lamba 502 cewa za ta mayar da saiti na asali, amma mutane kan danna su wuce. Maganin shi ne sabon batirin da kuɗinsa bai kai na mudun masara ba, a gyara agogo, a mayar da UEFI. Wanda aka yi wa fomat a kan wannan matsala ya yi asarar littafin bashinsa a banza, kuma bayan wata guda zai sake dawowa da ciwon nan dai.

Dell Latitude na da nata salon. Yawancinsu sun fito da saitin faifai a kan RAID. In an ɗora Windows bayan an juya shi zuwa AHCI, sannan saiti ya koma na kamfani, Windows zai fara tashi, ɗigogin nan su zaga, sai allo ya yi shuɗi ya sake farawa, haka dai ba iyaka. Juya abu ɗaya a BIOS ke kashe wutar. Akwai kuma masu kwafe tsohon faifai zuwa sabo su manta da ɗan ƙaramin sashen nan na kusan megabayit 100 da ke riƙe da umarnin tashi. Shi ma ana sake gina shi da filash ɗin Windows ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba. Sai kuma SSD siriri nau'in M.2, wanda yake iri biyu, SATA da NVMe. Na'urori da yawa na 2013 zuwa 2015 na farkon kawai suka sani, na biyun ko ya shiga ramin ba za su gan shi ba.

Duk wannan kuma yana faruwa ne a lokacin da buji ya sauko. Kuɗin kaka da ƙurar hunturu tare suke zuwa. Laftof ɗin da ke zaune a sito tana shaƙar ƙaiƙayi, wadda ke kusa da injin gurzar auduga tana shaƙar zare. In aka ɗaga fankar, tsakaninta da haƙarƙarin jan ƙarfen da ke fitar da zafi akan tarar da wani dunƙule mai kauri, toka-toka, wanda ake zarowa ɗungurungum da hantsaki. ThinkPad in ta ga fanka ba ta juyawa ba ta yarda ta wuce ko'ina. HP takan nuna lamba 90B, ta yi gargaɗin za ta kashe kanta cikin daƙiƙa 15. Wadda kuma ke tashi ta yi minti biyu ta ɗauke, musamman a zafin Afrilu, yawanci man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen ne ya bushe ya zama gari, zafi ya doshi digiri 100, na'urar ta kare kanta.

A nan ya kamata a faɗi wata magana game da hura wa bod iska mai zafi. Dabarar ta yaɗu ne tun 2008, lokacin da aka gano aibi a wasu sassan hoto na kamfanin Nvidia da ke cikin laftof irin su HP Pavilion dv6000 da dv9000. Gasa wurin kan farfaɗo da su na ɗan lokaci. Sai abin ya zame wa wasu al'ada, duk allon da ya yi baƙi a kunna masa wuta. A EliteBook ko Latitude da ba ta da irin wannan sashe ma, babu abin da zafin zai gyara. Yakan dai narka abin da ke lafiya, sannan a kira mai ita a ce, "Alhaji, sai haƙuri, bod ne."

Makullan da aka gada

Wasu matsalolin an shigo da su ne daga ofishin da na'urar ta baro. Tsofaffin ThinkPad suna da jerin katunan Wi-Fi da suka yarda da su. A sa wani daban, ta tsaya cak da lamba 1802 har sai an cire. Wasu sun zo da kalmar sirri a BIOS wadda ma'aikacin wani kamfani a Jamus ko Ingila ya sa, ba wanda ya san da ita sai ranar da ake buƙatar shiga a juya saiti. A na'urorin ofis, cire ɗan batirin nan ba ya goge ta. Mai saye da ya danna F10 ko F2 a gaban mai sayarwa kafin ya biya kuɗi ya huce wa kansa wannan takaici.

Wanda ya fi zafi shi ne BitLocker, tsarin da Windows ke kulle faifai da shi. Sauya saitin BIOS ko sauya bod kan sa ya nemi mabuɗi mai lamba 48. A kan na'urorin da suka ɗan fi sabunta, Windows 11 na yanzu yakan kunna kullen da kansa in an shiga da asusun Microsoft, ya ajiye mabuɗin a can. Asusun wa? Sau da yawa wanda yaron shago ya ƙirƙira a gurguje don ya wuce wannan shafi, ya manta da shi kafin la'asar. Nan kam babu dabara. In ba mabuɗi, babu wanda zai buɗe faifan, ko a Kano ko a Ikeja.

Shi Windows 11 ya fito ne ran 5 ga Oktoban 2021, daidai lokacin da Funtua, Bakori da Malumfashi ke cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan sadarwa tun watan Satumba saboda matsalar 'yan bindiga. Bai zo da maraba ga tsofaffin na'urori ba: yana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, wato duk waɗanda aka lissafa a baya ba sa ciki. Masu gyara suna tsallake shingen da wata manhaja mai suna Rufus, kuma a kan Core i5 mai SSD da ram gigabayit 8 yana tafiya ba laifi, sai dai Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan sabuntawa ba. Na ƙasa da haka sun gamu da bango. Zubin 24H2 da ya fito a Oktoban 2024 yana buƙatar wani umarni da furosesar Core 2 Duo ba ta da shi, don haka a kansu ba ya tashi ko an yi wace dabara. Windows 10 kuma an daina tallafa masa ran 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adin tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Na'urar ba za ta daina kunnuwa ba saboda haka. Mai lissafin buhuna a Excel ba tare da intanet ba zai iya ci gaba da harkarsa. Mai shiga banki da ita ne ke da abin dubawa, kuma Linux Mint, wanda kyauta ne kuma ba ya wa tsohuwar na'ura nauyi, ya ishi mai rubutu da lissafi, in dai manhajar makarantarsa ko ta ofishinsa ba Windows kaɗai ta sani ba.

Saura tsohon faifan da aka cire ranar da aka sa SSD. A shaguna da dama yakan zauna a durowar mai gyara, wani lokaci a matsayin ragin kuɗin aiki, daga baya a sa wa wani. A cikinsa akwai cikakken kwafin duk abin da mai shi ya mallaka har zuwa ranar, haɗe da sunayen manoma da lambobin BVN da hotunan katin ɗan ƙasa na mutanen da ba su san an yi cinikin ba. Ana sayar da ɗan kwalin da ake zura irin wannan faifai a jona shi ta USB, ya koma wurin ajiyar kwafi. Kuma in sabon ya ƙi tashi ana tsakiyar awon kaya, kwance sukurori kaɗan ne a mayar da tsohon, a ci gaba da aiki a hankali kamar da, kafin ranar kasuwa ta wuce a kai ta shago.